IDAN WUTA TA KAMA CIKIN GIDA, WA ZAI SHIGA?

Raddi ga masu haramta wa mata aikin kashe gobara

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci wuta, Ya hore mana ita don amfaninmu, Ya kuma sanya ta abin tunatarwa ga masu hankali. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu ɗan Abdullahi (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata magana da take tashi a zauruka da ƙofofin masallatai duk lokacin da aka ga mace sanye da kayan 'yan kwana-kwana. Sai ka ji wani ya ce duniya ta zo ƙarshe, wani ya ce ai wannan aikin maza ne, wani kuma ya zarce ya yanke hukunci cewa haramun ne, alhali da za ka tsayar da shi ka nemi aya ko hadisi ko maganar wani malami daga cikin magabata, sai ya shiga kame-kame. Mu kuwa an karantar da mu cewa halattawa da haramtawa haƙƙin Allah ne Shi kaɗai, kuma wanda ya haramta abin da Allah bai haramta ba ya ƙaga wa Allah ƙarya, daidai da wanda ya halatta abin da Ya haramta.

Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa abu ɗaya ne: samar da mata masu horon kashe gobara da ceton rai farilla ce ta kifaya a kan al'ummarmu, kuma mu da muke kira zuwa ga hijabi da raba maza da mata mu ne wannan nauyi ya fi hawa kanmu. Wanda ya ce kada namiji baƙo ya shiga wurin iyalinsa ya faɗi gaskiya. Amma idan ya ƙara da cewa kada a koya wa mace aikin ceto, to ya rufe ƙofa biyu a kan matan Musulmi, ya bar su da wuta.

SU WA WUTA TAKE TARARWA A GIDA?

Mutanen Sakkwato ba su manta da ranar 19 ga Janairu, 2021 ba, ranar da gobara ta tashi a babbar kasuwar birnin ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa, ta mayar da masu jari abin tausayi cikin yini guda. Irin wannan gobara kowa yana ganinta: hayaƙinta ya turnuƙe gari, manya su zo jaje, jaridu su buga. Akwai kuma wadda ba ta shiga jarida, wato gobarar cikin gida, wadda take tashi daga risho ko tukunyar gas, ko kaskon turaren wuta da aka manta a ƙarƙashin tufafi, ko garwashin da aka shiga da shi ɗaki saboda sanyin hunturu, ko abin dafa ruwa na lantarki da aka bari a jone aka ɗauke wuta sannan aka maido ta da ƙarfi, ko man fetur ɗin janareta da maigida ya ajiye a jarka a lungun ɗaki.

To, a yi wa Allah a faɗi gaskiya: da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wa yake cikin gidajen nan? Maigida yana kasuwa ko ofis, samari suna makaranta ko wurin sana'a. Waɗanda suka rage su ne mata da ƙananan yara da tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe kimanin mutum 180,000 a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, ta kuma bayyana cewa mata sun ɗan fi maza mutuwa ta wannan hanya, saboda su ne suke tsaye a gaban murhu. Wannan ba ya buƙatar dogon bincike a wurinmu, domin kowa ya san wanda yake hura wuta a gidansu.

Sannan a dubi ginin gidajenmu. A irin gidajen da suke Sama Road da sauran sababbin unguwanni, tsoron ɓarayi ya sa an ɗaga katanga, an sa ƙyauren ƙarfe, an datse kowace taga da ƙarafa, ta yadda abin da aka yi don hana ɓarawo shiga shi ne zai hana mai gida fita. A tsohon gari kuwa, wajen Kanwuri da kewayensa, akwai lungunan da mota ba ta iya shiga, kuma kafin ka kai tsakar gida sai ka ratsa zaure da soro, hanya ɗaya ce tilo ta shiga da fita. Masana harkar gobara sun tabbatar da cewa ɗakin da yake cike da katifar soso da labule da kayan roba yana iya kamawa gaba ɗaya cikin 'yan mintoci kaɗan, kuma hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, domin gubar da take cikinsa tana sumar da mutum tun wutar ba ta taɓa jikinsa ba. Ma'anar wannan ita ce, kafin motar kwana-kwana ta iso, an riga an yi nasara ko an yi hasara, kuma wadda al'amarin yake hannunta a waɗannan mintoci ita ce matar gida. Idan ta san abin yi, an tsira da ikon Allah. Idan ba ta sani ba, sai ta watsa ruwa a kan man gyaɗa da ya kama, wuta ta yi tsalle ta kama rufi.

DARASI DAGA MAKKA DA JOGANA

Wanda yake ganin wannan magana hasashe ce, ya saurari abin da ya faru a garin da ya fi kowane gari alfarma. Ranar 11 ga Maris, 2002, gobara ta tashi a wata makarantar 'yan mata a Makka, ɗalibai 15 suka rasu. Jaridun Saudiyya sun ruwaito a lokacin cewa wasu jami'an hukumar umurni da kyakkyawa da hani da mummuna sun kawo cikas ga masu ceto, saboda 'yan matan ba su cikin cikakkiyar sutura. Binciken gwamnati ya musanta wannan, ya ɗora laifin a kan sakaci: cunkoson ɗalibai a ginin da bai dace da makaranta ba, da rashin hanyoyin fita da kayan kashe wuta. Aka sauke shugaban hukumar ilimin 'yan mata, aka mayar da makarantunsu ƙarƙashin ma'aikatar ilimi.

Ko wace ruwaya mutum ya ɗauka, hujja ce a kan abin da muke faɗa. Idan ruwayar jaridu ce ta inganta, to jahiltar hukuncin larura ne ya yi kisa. Idan kuwa ta gwamnati ce, to tambaya ita ce: wa ya kamata ya shiga wannan gini tun kafin gobara, ya ƙirga ƙofofinsa, ya duba matakalarsa, ya koya wa malamai da ɗalibai yadda za su fita cikin tsari? Wurin da aka keɓe wa mata, idan babu mace mai wannan ilimi, sai ya zama wurin da idon mai bincike ba ya kaiwa.

Kuma ba sai mun tsallaka teku ba. A watan Nuwamba na 2015 gobara ta tashi da dare a ɗakin kwanan ɗalibai na makarantar sakandaren 'yan mata ta Jogana a Jihar Kano, ɗalibai 7 suka rasa rayukansu. 'Ya'yan Musulmi ne, iyayensu sun kai su neman ilimi, aka dawo musu da gawa. Allah Ya karɓi shahadarsu, domin ya tabbata a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa Manzon Allah (SAW) ya lissafa wanda ya mutu a gobara cikin shahidai. Sai dai shahadar wanda ya mutu ba ta wanke wanda ya yi sakaci.

A nan wajibi ne mu tsaya mu fayyace wani hukunci, don kada wani ya fahimci maganarmu a karkace. Idan wuta ta kama, wajibi ne a kan duk namijin da yake da iko ya shiga ya yi ceto, ko da matan gidan ba su da lulluɓi, ko da zai ɗauko mace a kafaɗarsa. Ba ya jiran sallama, ba ya jiran izinin maigida. Tsare rai yana cikin manyan manufofin Shari'a guda biyar, larura kuma tana halatta abin da aka hana, kuma Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya daidaita raya rai guda da raya mutane baki ɗaya. Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa mai salla zai yanke sallarsa don ceton wanda zai halaka, kuma a cikin Mukhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan garin nan, an ambaci cewa wanda yake da ikon kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka ya ƙi, to akwai lamuni a kansa. Haka ita ma mace, idan wuta ta taso, ta fita yadda take. Komawa ɗaki neman hijabi a wannan hali jefa kai ne cikin halaka, kuma Allah Ya hana.

To idan namiji zai iya shiga, mene ne amfanin mata a aikin? Amsa ita ce, larura tana buɗe ƙofa ne a lokacin da wuta take ci kawai, alhali mafi yawan aikin kashe gobara ana yin sa ne kafin wuta ta tashi da bayan ta mutu.

MENE NE AIKIN 'YAN KWANA-KWANA?

Yawancin masu sukar nan ba su san komai game da aikin ba sai hoton mutum riƙe da mesa. Malamai kuwa sun ce hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. Aikin ya ƙunshi duba gine-gine don gano haɗari, da wayar da kan jama'a, da karɓar kiran gaggawa, da ba da taimakon farko ga wanda ya ƙone ko ya shaƙi hayaƙi, da ciro wanda ya faɗa rijiya ko kududdufi, da binciken musabbabin gobara bayan an kashe ta.

Yanzu mai karatu ya ɗauki waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Wa zai shiga gidajen matan aure ya nuna musu cewa idan sun ji warin gas kada su kunna fitila ko su ƙyasta ashana, su rufe kan tukunyar su buɗe tagogi? Wa zai nuna musu cewa man da ya kama a kasko murfi ake kifa masa, kuma wadda wuta ta kama zanenta kada ta ruga da gudu, ta kwanta ta yi birgima, domin gudu hura wuta ne? Wa zai gaya musu cewa yadin roba da ake ɗinka yawancin hijabai da shi narkewa yake ya manne da fata, don haka ba a girki da shi? Wa zai raba su da shafa ɗanyen ƙwai da man goge baki da manja a kan ƙuna, ya koya musu sakar wa wurin ruwa mai sanyi na kimanin minti 20? Wa zai shiga ɗakin kwanan 'yan mata a makarantun kwana, da ɗakin haihuwa a asibitin mata da yara, ya duba wayoyin lantarki da ƙofofin fita ba tare da an keta alfarmar kowa ba? Idan an fito da mace daga wuta tufafinta sun ƙone, wa ya fi dacewa ya suturta ta, ya yanke abin da ya rage a jikinta, ya danna ƙirjinta idan numfashi ya tsaya? Duk mai kishin iyalinsa ya san amsar da zuciyarsa ta ba shi.

Ƙa'idar usulu ta ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya lissafa likitanci da lissafi da tushen sana'o'i kamar noma da saƙa cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai yin su, duk mutanen garin sun yi laifi. Da wannan hujja ce malamanmu suka yi ta kira a tura 'yan mata karatun likita da ungozoma, har aka wayi gari wanda jiya yake zagin masu kai 'ya'yansu, yau shi ne yake tsaye a asibiti yana cewa shi likita mace yake so ta duba matarsa. Hujjar ba ta canja ba don an canja sunan aiki.

SHUBUHOHINSU DA AMSOSHINSU

Shubuha ta farko: sun ce ba a san mata da wannan aiki ba a zamanin magabata. Muna cewa: su ma maza ba a san su da shi ba, domin babu motar kwana-kwana a Madina. Ɗan ƙaramin ɗalibi ya san cewa ibada ce ba a yin ta sai da dalili, amma al'amuran rayuwa asalinsu halacci ne har sai dalilin hani ya zo. To ina dalilin? Abin da ya zo a Sunna ma akasin haka yake nunawa. Buhari ya ruwaito daga Anas (RA) cewa ya ga Nana A'isha da Ummu Sulaim ranar Uhudu suna ɗaukar salkunan ruwa a bayansu suna shayar da mutane, su koma su ciko su dawo. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labarin cewa suna fita tare da Annabi (SAW) suna shayarwa, suna jinyar masu rauni, suna mayar da su Madina. Ummu Aɗiyya ta halarci yaƙi bakwai tana wannan hidima, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙ, a hemar Rufaida aka kwantar da shi. Hafiz Ibnu Hajar ya ciro daga irin waɗannan hadisai halaccin mace ta yi jinyar namijin da ba muharraminta ba saboda larura. Ɗaukar ruwa zuwa wurin haɗari, da fitar da masu rauni, da yi musu magani: idan wannan ba shi ne zuciyar aikin kwana-kwana ba, to mene ne? Ko kuwa filin Uhudu, inda kibau suke sauka, ya fi gidan da yake cin wuta aminci?

Shubuha ta biyu: sun ce mace mai rauni ce, ba za ta iya ba. Muna cewa: kayan ɗan kwana-kwana, idan aka haɗa da tukunyar numfashi da yake goyawa, nauyinsu yana kai kimanin kilo 25. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta ke nan, kuma a kowace safiya matan karkara suna ɗaukar irinta a ka daga rijiya zuwa gida, wata ma da goyo a bayanta, ba mu taɓa jin mai wa'azi ya tausaya musu ya ce aikin ya fi ƙarfinsu ba. Asma'u 'yar Abubakar (RA) tana ɗauko ƙwallon dabino a kanta daga gonar mijinta Zubairu mai nisa da gari, tana kiwon dokinsa, tana ɗebo ruwa. Gaskiya ne cewa galibin maza sun fi galibin mata ƙarfin jiki, kuma ba mu ce kowace mace za ta hau tsani da mesa ba, kamar yadda ba kowane namiji zai iya ba. A sa ma'auni ɗaya na ƙarfi da juriya ga mai shiga cikin wuta. Wanda ya haye ya shiga, wanda ya kasa a ba shi wani ɓangaren aikin, namiji ne ko mace.

Shubuha ta uku: sun ce kayan aikin sun saɓa wa sutura. Wanda ya faɗi haka bai taɓa kallon kayan da kyau ba. Riga ce mai kauri da faɗi wadda ba ta siffanta jiki, da safar hannu, da takalmi mai tsawo, da hular kwano, da mayafin da yake rufe kai da wuya, wani lokaci har da abin rufe fuska, ta yadda ba ka iya bambance namiji da mace a cikinsu. Sharuɗɗan sutura a wurin malamai su ne ta rufe, kada ta zama shara-shara, kada ta matse, kada ta zama ado. Wace tufa ce a kasuwa ta kai wannan cika sharuɗɗan? Abin da ya rage shi ne kayan zaman ofis da na fareti, kuma wannan gyaransa a hannun hukuma yake: a ba su doguwar riga da ɗankwali mai rufe wuya da ƙirji.

Shubuha ta huɗu: sun ce an umurci mata da zama a gidajensu. Muna cewa haka ne, gida shi ne asali, kuma tarbiyyar 'ya'ya ta fi kowane aiki. Amma wanda aka saukar wa Alƙur'ani shi ne ya yi wa innar Jabir izinin fita ta girbe dabinonta alhali tana cikin idda, ya ce wataƙila ta yi sadaka ko ta aikata alheri, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Idan an yi izini don dabino, ina ga rai?

Shubuha ta biyar: sun ce koyi ne da Turawa. Wannan ita ce mafi ban dariya, domin aikin kwana-kwana kansa Turawan mulkin mallaka ne suka kawo shi, suka fara shi a Legas a farkon ƙarni na 20 a ƙarƙashin 'yan sanda, kafin dokar 1963 ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya. Su ne suka tsara shi a matsayin aikin maza zalla, domin haka yake a ƙasarsu a wancan zamani, kuma ba su yi la'akari da gidan da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsa ba. Ashe mai cewa aikin maza ne shi ne yake riƙe da gadon Bature bai sani ba. Ƙasashen Musulmi kuwa sun fara gyara: a Pakistan Shazia Parveen ta shiga aikin a 2010, a Saudiyya kamfanin Aramco ya horar da mata biyu na farko a 2018, Bangladesh kuma ta ɗauki rukunin farko na mata 15 a 2023.

GADON SHEHU

Abin kunya ne a ce a birnin Shehu ake wannan jayayya, domin an riga an yi irinta an gama tun fiye da shekara 200. Wajen shekarar 1786, lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake yawon wa'azi, wani malami mai suna Mustafa Goni ya soke shi a kan barin mata suna halartar majalisinsa. Shehu ya umurci ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, kuma Abdullahi ya kawo labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Abin da amsar ta ƙunsa shi ne cewa ba su yarda da cakuɗa ba, suna ma hana ta, amma barin mata cikin jahilci ɓarna ce da ta fi girma, kuma ana kawar da babbar cuta da ƙarama. Shehu bai kori mata ba, bai kuma bar su sun cakuɗa da maza ba. Ya ware musu wuri.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ɗora a kan wannan. Da ta ga akwai matan karkara da malamai maza ba su iya kaiwa gare su, sai ta horar da jajis, ta naɗa musu malfa, ta tura su ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu mata, abin da aka sani da 'Yan Taru. Wannan shi ne manhajin: inda namiji ba ya kaiwa, a horar da mace ta kai. Wanda yake kiran kansa magajin jihadin Shehu, amma yana fatawa irin ta Goni, ya sake duba inda ya tsaya.

GA 'YAN BOKON AƘIDA KUMA

Kada masu rajin daidaita mace da namiji a komai su ɗauka mun shigo sahunsu. Su abin da ya dame su shi ne a ƙirga mata nawa ne a cikin hoto. Mu abin da ya dame mu shi ne ran da yake bayan katanga, da mutuncin wadda za ta je cetonsa. A Amurka sai da Brenda Berkman ta kai hukumar kashe gobara ta birnin New York kotu ta yi nasara a 1982 kafin hukumar ta ɗauki mata. A Ingila kuwa, bayan shekaru masu yawa ana aiki a cakuɗe, wani bincike da Nazir Afzal ya jagoranta a 2022 ya samu cewa wulaƙanta mata da wariyar launin fata sun yi katutu a hukumar kashe gobara ta Landan. Wannan shaidarsu ce a kan kansu. Jefa 'yan mata ƙalilan cikin barikin maza ba tare da kariya ba zalunci ne, ko da an kira shi ci gaba.

Saboda haka muna da sharuɗɗa, kuma ba mu sassauta su. A kafa sashen mata mai shugabarsa mace, da ɗakin hutawa da makewayi da wurin salla nasu na kansu. Kada a keɓe mace ɗaya da namiji ɗaya a mota ko a ofis, kuma aikin dare ya zama a rukuni. A shiga aikin da yardar miji ko waliyyi. A ɗauke wa mai ciki da mai shayarwa shiga hayaƙi. A hukunta duk jami'in da ya nemi yin amfani da muƙaminsa a kan wata ma'aikaciya, hukuncin da zai zama izina ga saura.

KIRA

Muna kira ga gwamnatin jiha da ta ɗebi mata masu yawa a hukumar kashe gobara bisa waɗannan sharuɗɗa, ta fara da tura su duba makarantun kwana na 'yan mata da ɓangarorin mata a asibitoci, ta kuma wadata hukumar da ruwa da mai da kayan aiki, domin motar da ba ruwa a cikinta ba ta amfanar kowa, ko namiji ne a kanta ko mace.

Muna kira ga malamai da limamai da su hau mumbari kafin hunturu ya kama su bayyana hukuncin ceto a fili. Su karantar da hadisin Abu Musa da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, sai Annabi (SAW) ya bayyana cewa wuta abokiyar gaba ce, ya yi umurni da a kashe ta idan za a yi barci. Wannan Sunna ce da aka yi wa sakaci, kuma raya ta yana hannun matan gida.

Muna kira ga shugabannin 'yan agaji da na makarantun Islamiyya na matan aure da kada su jira gwamnati. A zaɓi mata masu himma daga kowace unguwa, a nema musu horo, su dawo su koyar da saura, kamar yadda jajis suka yi.

Muna kira ga magidanta da su ji tsoron Allah. Wanda yake kulle ƙofa ta waje ya tafi da makulli a aljihunsa, ya bar mata da yara da tukunyar gas da jarkar fetur, ya sani cewa wannan ba kishi ba ne, kuma babu malamin da ya ba shi wannan fatawa. Kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Idan kuma 'yarka ta ce tana son wannan aiki, kuma sharuɗɗa sun cika, ka sa mata albarka, domin wataƙila ta dalilinta Allah Ya tserar da rai, ladan ya iske ka har cikin kabari.

Ga masu sukar kuwa, ƙofa a buɗe take. Wanda yake da aya ko hadisi ingantacce da ya haramta wa mace ceton 'yar'uwarta daga wuta, ya kawo, shafukan wannan mujalla za su ɗauka. Wanda ba shi da shi, ya kame bakinsa daga faɗar abin da bai sani ba game da addinin Allah.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga wutar duniya da ta lahira, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sama Road, Sakkwato.